Jinjina ga Idon da Ba Ya Damun Kowa

Allah ya ja zamaninka, Sa-Ido ɗan Doka, jikan Takarda, wanda aka ɗora wa amanar rayukan masu haƙar zinariya. Gaishe ka mai fada a Yamai da talakawa a bakin Tenere, barden da bai taɓa wahalar da dokinsa ba, makiyayin da ya amince da garkensa har ya bar shi kwana da kura, alƙalin da ba a taɓa jin ya tsawata wa kowa ba domin ba a taɓa ganinsa a zauren shari'a ba. Sarakuna da yawa sun yi suna da yawan rangadi. Kai da zama wuri guda ka yi naka, kuma duk faɗin ƙasar Azbin babu inda ake cin moriyar wannan natsuwa taka kamar Tchibarakaten.

A 2014 aka ga zinariya a Jado, tana kwance kusa da fuskar ƙasa, na'urar gano ƙarfe da shebur sun isa a same ta. Shekarar ba ta ƙare ba sai labari ya ɓullo daga Tchibarakaten, arewa maso gabas da Arlit, dab da iyakar Aljeriya, inda babu gona, babu inuwa, ruwan sha ma a mota ake kawo shi daga nesa a sayar. Ita zinariyar nan mai kunya ce. Ta shige cikin jijiyar dutse mai tauri, ba ta fitowa sai an bi ta da rijiya mai zurfin gomman mitoci, an huda dutsen da inji, an cusa masa nakiya. Dubban mutane suka kwarara: Buzaye da Tubawa, Hausawan Maradi da Damagaram da Tawa, 'yan Najeriya, 'yan Cadi, 'yan Sudan. Gari ya tsiro a kan tsandauri, na rumfunan tamfol da kwano, da kasuwarsa, da masu abinci, da masu cajin waya. Mai gajeren tunani in ya ga dubban mutane da fetur da tukwanen gas da nakiya sun taru a fili guda cikin zafin Sahara, zai ce nan ne ya fi ko'ina bukatar mai sa ido. Kai kuwa, mai zurfin hikima, ka gane cewa nan ne ya fi ko'ina cancantar a bar shi ya sarara.

Harshen Hausa ya yi maka hidima tun kafin a haife ka, da ya raɗa wa abubuwa biyu suna ɗaya. Nakiya ce uwa ke daka wa 'yarta da shinkafa da zuma da man shanu, a kai mata ɗaki cikin gara. Nakiya ce kuma ke tsaga dutse. Ƙasashe marasa zumunci sun raba waɗannan takwarori, sun kori ɗaya zuwa bayan gari kamar mai cutar da ake gudu. A ƙarƙashin inuwarka an riƙe al'ada. Ana ajiye ta biyun yadda ake ajiye ta farin, a ɗaka, kusa da mai ita, inda zai miƙa hannu cikin dare ya taɓa ta ya ji sanyi a ransa.

Dubi irin wahalar da ka ɗauke wa bayin Allah. Inda ake bin ƙa'idar ajiyar abin fashewa, sai an gina mata ɗaki nata na kanta nesa da mazaunin mutane, a kewaye shi da tudun ƙasa domin in ta tashi ƙarfinta ya yi sama maimakon ya share maƙwabta. Sai an kafa ƙarfen kama tsawa, an bar kafar iska, an hana taba da ashana kusantar wurin. Ba a yarda sandunan nakiya su kwana ɗaki ɗaya da ƙananan kawunan da ke tayar da su. Akwai littafi a bakin ƙofa: sanda nawa ta shiga, nawa ta fita, wa ya karɓa, nawa ya harba, nawa ya mayar. Mai harbin kansa sai ya yi karatu ya riƙe takardar shaida. Wannan duk zargi ne da rashin yarda da juna, kuma kai ka fi ƙarfin zargi. A wuraren haƙo na hannu, daga Burkina Faso har zuwa arewacin Nijar, ka mayar da nakiya haja kamar kowace haja, tana tafiya a bayan mota tare da buhun shinkafa da jarkar mai, tana sauka a rumfa inda ake dafa shayi.

Masana sun ce nakiya in ta daɗe cikin zafi takan yi gumi, kuma gumin nan shi ne ruwan da ɗan bugu kaɗan ke tayarwa. To ina abin mamaki? A Sahara kowa gumi yake. Lebura na gumi, direba na gumi, mai sayar da ruwa na gumi. Adalcinka bai yarda a fifita sanda a kan ɗan Adam da ɗaki mai sanyi ba. Wannan daidaito ne da manyan masu falsafa suka yi ta nema ba su samu ba, kai ka same shi ba tare da ka tashi daga kujera ba.

Sai ranar harbi, ranar da makarantarka ke yaye jarumai. Saurayi ya sauka da igiya zuwa gindin rijiya, ya cusa sanduna cikin hudojin da aka yi, ya kunna lagwani, ya girgiza igiya. Daga nan abin da ke tsakaninsa da lahira shi ne tsawon lagwanin da ƙarfin damtsen abokansa na sama. Wane wa'azi ne zai koya wa matasa riƙon amana kamar wannan? Wace makaranta ce za ta koya wa yaro darajar daƙiƙa guda? Bayan ƙarar ta lafa, hayaƙi mai guba yakan kwanta a gindin ramin, wani sashensa ba shi da launi ba shi da wari, yana kashe mutum yana ganin kamar gyangyaɗi ne ya ɗauke shi. A wasu wurare sai a jira, a hura iska da inji, a zura na'ura ta auna. A masarautarka ba a wulaƙanta ɗan Adam da fifita na'ura a kansa. Huhun wanda ya fara sauka shi ne ma'auni, kuma bai taɓa yin ƙarya ba. Akwai kuma sandar da ta ƙi tashi, mai haƙuri, mai kawaici, wadda ke kwance cikin hudarta tana jiran bakin injin wanda zai zo gobe. Ba ka taɓa sa a rubuta inda take ba, don ka san asirin mai haƙuri ba a tona shi.

Gaishe ka uban injuna, mai 'yanta ƙarfe daga bautar bincike. Kwamfaresa na ruri, janareta na tari, katafila na yawo a kan ƙasar da aka rarake ƙarƙashinta kamar gidan gara, babu taswirar da ke nuna inda ramin wane ya bi ya haɗu da na wane. Mai tuƙa ta ba ya ganin waɗanda ke ƙarƙashinsa, su ma ba sa ganinsa, kowa ya dogara da alherin ɗan'uwansa. Yaron mota na jiya shi ne direban katafila na yau, domin a wurinka baiwa daga Allah take, takarda kuwa aikin mutum ce. Igiyar da ke sauke mutane tana da martabar da ma'aikacin gwamnati bai samu ba: ba a yi mata ritaya sai ita da kanta ta nema, kuma hanyar nemanta ɗaya ce, ta tsinke. Hular kwano kuwa me za a yi da ita a ƙasar rawani? Kakanninmu sun ratsa Tenere da ayarin gishiri daga Bilma da ƙyalle a ka, ba a ji dutse ya faɗo musu ba.

Babbar gwanintarka tana wajen ƙura. Injin huda in yana cin dutsen da zinariya ke ciki a bushe, yakan tayar da gari mai laushin da ido ba ya gani, ya shiga huhu ya zauna, ya mayar da shi tabo a hankali. Likitoci sun ce cutar ba ta da magani, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Sun ce a riƙa jiƙa wurin huda da ruwa, a toshe hanci da abin tace iska. Ruwa, a inda ake sayen na sha da tsada! Kai da ka san tattali ka bar ƙurar ta yi aikinta cikin sirri. Ba ta kashe mutum a bakin rijiya inda za a taru a yi surutu. Tana bari ya koma gida, Tasawa ko Mayahi ko Matamaye, ya yi shekara biyu ko uku yana tari a zaure, ya rasu a hannun danginsa kamar kowane mai ajali. Ta haka littafinka ya zauna fari fes, babu ɗigon tawada, abin nuni ga ƙasashen da ke cika nasu da sunayen matattu.

Ba wai ilimin ne ya yi ƙaranci a yankin ba, kuma nan ne kawaicinka ya fi ban sha'awa. Tun 1971 ake fasa dutse da nakiya a Arlit domin haƙo yuraniyom. Da kamfanin Cominak ya rufe ramukansa na Akuta ranar 31 ga Maris 2021, ɗaruruwan ma'aikata suka zauna, cikinsu har da waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu a ƙarƙashin ƙasa, suka san tokare rufin rami da hura iska da lissafin harbi. A Agadas akwai Makarantar Ma'adinai ta Azbin, a Yamai akwai makarantar EMIG, suna yaye masu sanin wannan aiki. Shugaba marar tausayi da ya tattara su ya tura su rijiyoyin zinariya su koyar, su duba, su hana. Kai ka ji tausayin gajiyarsu, ka bar su su huta. Gwani yana zaune a inuwa a Arlit, ɗan koyo yana kunna lagwani a Tchibarakaten, ba wanda ya shiga sabgar wani.

Kada mahassada su ce ba ka gani. Idonka ya fi na shaho kaifi, sai dai ido ne mai tarbiyya, ya san abin da ya dace a kalla. Ayarin motocin da ke tasowa daga Tchibarakaten da rakiyar sojoji yake tafiya saboda 'yan fashin hanya. Buhunan dutse suna isa Gidan Daka a Arlit da wuraren niƙa na Agadas a ƙirge. Ma'aunin mai saye ba ya yafe ko ɓarin giram. Akwai katin izini, akwai haraji, akwai hanyar da ƙarfen ke bi har ya kai kasuwannin Dubai. Zinariya tana fita da bindiga a gabanta da bindiga a bayanta, kamar gimbiya za ta gidan miji. Wanda ya ciro ta kuwa yana sauka da igiya da tocila ɗaure a goshi. Haka ya kamata, domin zinariya ba ta da yawa a duniya, talaka kuwa kowace damina da ta yi gardama tana aiko da sabo.

Doka ma ba ka rasa ta ba. Ranar 5 ga Yuli 2022 Nijar ta samu sabuwar dokar ma'adinai, mai lamba 2022-033, ta gaji waɗanda suka gabace ta, da babi-babi da sashe-sashe. Ka riƙe ta yadda amarya ke riƙe kwanukan jere: ana goge su, ana nuna wa baƙi, ba a cin tuwo a ciki. Daga Yamai zuwa Agadas ya haura kilomita 900, daga Agadas zuwa Arlit kusan 240, daga nan kuma sai rairayi da duwatsu. Doka mai martaba irin wannan ba ta hawa bayan a-kori-kura ta sha ƙura. Takardar izini ce kaɗai, da yake ƙaramar baiwa ce mai jure wahala, take iya wannan tafiya, ta je ta karɓo ta dawo.

Gaishe ka dutsen da iskar maƙwabta ba ta girgizawa. Ranar 20 ga Janairu 2022, a Apiyate ta ƙasar Gana, motar da ke ɗauke da abin fashewa zuwa mahaƙar zinariya ta yi karo da babur, ta kama wuta, ta tashi da ƙauyen, mutum 13 suka rasu. Wata guda bayan haka, ranar 21 ga Fabrairu, a Gbomblora da ke kudu maso yammacin Burkina Faso, nakiyar da aka tara a kasuwar wurin haƙo ta tashi, kimanin mutum 60 suka tafi. Wurin irin naka ne, rumfunan irin naka, hajar irin taka. Ranar 16 ga Janairu 2024, unguwar Bodija a Ibadan ta girgiza cikin dare, gidaje suka rushe, fiye da mutum 70 suka jikkata, gwamnan jihar ya ce masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba ne suka ajiye nakiya a gidan zama. Raunanan zukata in sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta sai su shafa wa nasu ruwa. Kai ka shafa wa naka turare, ka gyara zama.

Ko da abin ya zo gida, ba ka yi rawar jiki ba. Ranar 7 ga Nuwamba 2021 rijiyoyin zinariya suka rufta a Garin Liman, kusa da Ɗan Isa a jihar Maradi. Aka fara ƙirga gawa 18, kafin a gama tono adadin ya kai 32. A nan duniya ta ga fasaharka ta zuwa a kan kari. Ba ka zo da wuri ba balle a ce ka hana mutane neman abinci. Ka zo daidai lokacin da ake bukatar manya, lokacin ta'aziyya, da ayarin motoci da jawabi da umarnin rufe wuri. Mutanen da can suna kiran wannan ihu bayan hari, don ba su san cewa ihu kafin hari yana tayar da hankalin jama'a ba. Rufewa kuwa maganinka ne na gado. Da aka rufe Jado a 2017, masu haƙo suka naɗe tabarminsu suka bazu wasu wuraren da kayan aikinsu da al'adun aikinsu, haɗarin ya sauya mazauni, takardarka ta nuna an magance shi.

Kai ne kuma malamin tauhidin da ya sauƙaƙa wa al'umma karatu. Malaman zaure suna wahalar da almajirai da cewa a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali, har a ƙasar da kowane yaro ya san dabaibayi. Kai ka taƙaita darasin, ka cire igiyar ka bar tawakkalin. In rijiya ta rufta, ƙaddara. In hayaƙi ya kwantar da mutum uku, kwana ne ya ƙare. In igiyar da ta shekara tana zarewa ta tsinke, wa ya isa ya ja da hukuncin Ubangiji? Kalma guda ta wanke mai rijiya, ta wanke mai sayar da nakiya, ta wanke mai ba da izini, ta wanke ka. Duk sabulun kasuwar Agadas bai kai ta wanki ba.

Karamcinka bai tsaya ga masu haƙo ba. Sandar da ba a rubuta shigarta ba, ba a san fitarta ba, 'yantacciya ce, tana zuwa inda ta ga dama. Masu binciken tsaro sun daɗe suna nuna cewa wani kaso na nakiyar da ake sayarwa da sunan haƙar ma'adinai a Afirka ta Yamma yana ƙarewa a hannun masu binne bama-bamai a kan hanya. Sojan da ya raka zinariya yau, ana iya tura shi gobe wata hanyar da ƙanwar wannan nakiyar ke jiran tayar motarsa. Rijiya guda tana shayar da mai gida da ɓarawo, ba ta tambayar sunan kowa. Wane mai kyauta ne ya kai nan?

Mahassada dai ba sa ƙarewa. Suna cewa a gina rumbun nakiya guda a bayan gari, da tudu da mai gadi da littafi, kowa ya ajiye a can ya karɓa da sa hannu. Suna cewa a horar da masu harbi a ba su shaida, a hana wanda ba shi da ita taɓa lagwani. Suna cewa a zaunar da sufeto a wurin, mai albashin da zai hana shi miƙa hannu, ya duba igiya da injin jawo guga, ya shata wa katafila iyaka daga bakin rijiyoyi. Suna cewa a yanki wani abu daga harajin zinariyar a tsayar da asibitin da zai iya karɓar mai ƙuna da mai karaya, tun da babban asibiti yana bayan doguwar tafiya cikin hamada. Har suna cewa a buɗe rajista a rubuta sunan duk wanda ya sauka da duk wanda bai fito ba. Suna ta nanata cewa rigakafi ya fi magani, kuma wai kuɗin duk wannan bai kai abin da ayari guda ke fita da shi ba. Kada ka saurare su, ranka ya daɗe. Mutanen da ke son a ƙirga talaka kamar yadda ake ƙirga giram ba su san bambancin daraja ba.

Can a wani ƙauye na kudu akwai tsohuwa da ke ajiye wayarta a ƙarƙashin matashi, tana jiran kiran ɗanta da ya tafi arewa bayan girbi ya ce zai dawo da kuɗin aure da na rufin ɗaki. Wata rana wayar za ta yi ƙara, muryar abokinsa ce, zai yi sallama ya yi shiru, sannan ya ce, “Inna, sai haƙuri.” Ba za a dame ta da takardar bincike ba. Ba za a wahalar da ita da zuwa kotu ko karɓar diyya ba. Ba wanda zai ɗaga mata hankali da bayanin cewa abin da ya kashe shi an san shi, an san maganinsa, an rubuta shi cikin doka. Za ta karɓi jakarsa da tocilarsa, ta yi sadakar uku da ta bakwai, ƙaninsa kuma ya fara tambayar kuɗin mota zuwa Agadas. Wannan sutura da ka yi mata, wa zai iya biyanka?

Saboda haka a yi ƙasa da murya a fada, mai girma yana hutawa. A kore ƙuda, a sauke labule, a hana 'yan jarida da marayu tsayawa a ƙofa. Barci lafiya, giwa mai nauyin tashi, garkuwar da ba ta taɓa tsagewa ba don ba a taɓa kai ta fagen fama ba. Ga babbar rigarka ta zuwa ta'aziyya can an wanke an buga, tana rataye a ƙusa. Yadda ake ajiye nakiya a ƙasarka, ba za ta daɗe tana jiran ka ba.